Gidan Hayar da Lukuman Ya Cire wa Zaure

Shekara bakwai Lukuman bai taka Gwarzo ba, da ya dawo kuwa sai ya tarar garin bai jira shi ba. Filin da suke buga ƙwallo an yanka shi fuloti-fuloti. Tsamiyar bakin tasha an sare ta, an kafa rumfar cajin waya a gurbinta. Rufin gidaje duk farantan sola suna ƙyalli. Abokan da suka raka shi mota ranar tafiya kowa ya ajiye tumbi, yana jera 'ya'ya uku a kan babur zuwa makaranta. Naja'atu kuwa, wadda ta yi ta kuka ranar da zai tafi, ya gamu da ita a hanyar Kabo tana goye da ɗa tana jan wani, ta ce masa "Sannu Malam," ta wuce abinta.

Abu ɗaya ne ya same shi yadda ya bar shi, shi ne gidan hayar da mahaifinsu ya rasu ya bari a bayan firamare. Gidan ƙasa ne mai shafen siminti, sassa huɗu, rijiya a tsakar gida, sai wani ƙaton zaure mai ƙofa biyu a karkace, irin wanda in ka tsaya a waje ko takalmin mutanen gidan ba ka hangowa. A zauren nan dattawan layin suke majalisa tun Lukuman bai iya fyace majina ba. Sassa uku babu kowa. Na huɗun Malam Dalyop ne a ciki, malamin lissafi mutumin Filato, shi da matarsa Pamela, shekararsu tara.

Aikin Lukuman a Abuja shi ne buɗe get da rufewa a wani rukunin gidaje. Amma kafin motar da ta ɗauko shi ta iso Gwarzo ya yi wa kansa ƙarin girma, ya sauka a matsayin manajan isteti.

Kwana uku da dawowarsa ya tarar da yayansa Hambali a tsakar gidan Inna Marka, mahaifiyarsu, ana maganar da aka saba.

"Damina biyu ke nan sassa uku a rufe," in ji Hambali. "Ni dai na faɗa. Ran da Malam Dalyop ya tashi, ran nan zan kira dillali a sayar. Ba zan bar gonata a Kara ina zuwa yi wa ɓeraye yaɓe ba."

"Gidan marigayi babanku ne," in ji Inna tana tsince shinkafa. "Da shi nake cefane. Ba a sayar da shi ina numfashi."

"To Inna, ki yi ta addu'a kada malamin nan ya tashi."

Lukuman ya yi dariya ya gyara zaman baƙin tabarau. "Yaya, kai noma ka sani, ka tsaya a nan. Gida fannina ne. Gida tamanin na riƙe a Abuja. Ku ba ni wata ɗaya, wallahi sai 'yan haya sun yi layi tun daga nan har Dugabau."

"Riƙewa kamar yaya?" in ji Hambali.

"Duk wanda zai shiga sai da izinina. Duk wanda zai fita sai da izinina."

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Inna ta dube shi, ta dubi Hambali, ta ce, "A ba shi. Amma Lukuman, ka bi a hankali."

Washegari ya sa kwat cikin zafin nan ya tafi duba gida, riƙe da wani littafi da ba ya rubuta komai a ciki. Malam Dalyop ya tarbe shi da fara'a.

"Oga Lukuman, sannu da zuwa. Abu biyu ne kawai. Kwanon ɗakin baya yana yoyo, ƙofar banɗaki kuma ta cire, da dutse muke tokare ta. Su ne suka kori mutane. A gyara su, ka gama aiki."

"Malam, waɗannan ƙananan abubuwa ne. Matsalar gidan nan ita ce ba a ganinsa."

"Ba a ganinsa?"

"Ɗan haya da ido yake kamawa. Mutum zai wuce a mota, ya waiga, ya ga kore shar, ya ga fenti, ya taka birki. Amma nan me zai gani? Wani kogo mai duhu cike da tsofaffi."

Tsofaffin kuwa suna jinsa. Baba Sallau, shugaban majalisar, ya leƙo daga zaure ya ce, "Manaja, mu ne kogon ko mu ne duhun?"

"Baba, ci gaba ne ya zo. Gobe a kwashe tabarmi."

Ranar Talata aka kawo leburori da diga. Kafin azahar zauren da aka gina tun zamanin kakansu ya zama tulin ƙasa. Lukuman ya sayar da babbar wayarsa da agogonsa, ya je Kabo wurin wani mai walda ya yo odar get na sanduna, mai gudu a kan layin ƙarfe, da tsinin mashi jere a sama. Magini ya ce a haƙa wa ginshiƙan rami mai zurfi. Lukuman ya ce babu lokaci, a ɗora a kan daɓen zauren haka nan, a Abuja kwana biyu ake tada bene. Aka shafa wa get baƙin fenti da ruwan gwal. A sama aka rataye allo: LUKUMAN ISTETI, AKWAI ƊAKUNA.

Dattawa ba su yi fushi ba. Tabarmarsu suka naɗe suka tsallaka titi, suka shimfiɗa a gindin darbejiyar da ke kallon get ɗin sak. Da can a zaure bango suke jingina, suna kallon titi. Yanzu kuwa darbejiya suka bai wa baya, suna kallon tsakar gida.

Kwana biyu Pamela ta tare Lukuman a bakin rijiya, riƙe da ludayi.

"Oga Lukuman, shekara tara nake girki a gidan nan, babu wanda ya taɓa sa min baki. Jiya ina kaɗa miya Baba Sallau ya ɗago murya daga tsallaken titi wai kukar ta yi yawa."

"Ai ta yi yawan, 'yata!" in ji Baba Sallau daga can. "Mun ƙirga, cokali huɗu kika zuba."

"Ka ji ko? Mijina ya fito da gajeren wando zai yi wanka, gaba ɗayansu suka ce masa a fito lafiya. Baƙi kuma ba su san inda za su tsaya su yi sallama ba. Mai gyaran tukunya yana daga titi yana kallona ina kallonsa, wai yana tambaya ko matar gidan tana nan!"

"Madam, sabo ne. A isteti haka ake zama, kowa a buɗe."

"Mu a Jos ma muna da labule."

Lukuman bai saurara ba, domin a ranar ne ciyawa ta iso. Daga Kano ya sayo ta, irin wadda ake shimfiɗawa a gidajen manya, aka sauke ta falle-falle kamar darduma. Mutanen layin suka fito kallo.

"Manaja," in ji Baba Sallau, "wai ciyawa ka saya? Da kuɗi?"

"Wannan ba ciyawarku ba ce, Baba. Ta ado ce."

"Ikon Allah. Mu muna biyan mutane su cire mana ita a gona, kai ka biya an kawo maka ita gida. Da ka yi magana, ai da Hambali ya ba ka ta Kara kyauta har da godiya."

Aka shimfiɗa, aka yi ban ruwa, tsakar gida ta yi kore shar. Lukuman ya tsaya a titi yana ja da baya yana matsowa, yana kallo da ido ɗaya. Ya shiga ya kafa doka: ba shanya a tsakar gida, ba turmi, ba murhu a waje. Pamela ta tambaye shi ko a kan katifa za ta riƙa daka. Ya ce zai duba.

Abin da bai auna ba shi ne tazarar sandunan get. Ya yi ta daidai yadda idon mai mota zai ratsa, ashe daidai take da cikin akuya. Uwaliya maƙwabciyarsu tana da awaki goma sha ɗaya. Da hantsi ta sake su kamar kullum. Uwar garken ta tsaya a bakin get, ta dubi koren nan, ta yi wani kuka da ba ta taɓa yi ba, ta kutsa. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, cikin tsari, babu turereniya.

Lukuman ya iso ya tarar da rabin ado ya shige ciki. Ya cire takalmi ya bi su. In ya koro uku ta wannan tazara, huɗu sun dawo ta waccan. Majalisa ta ajiye hira ta koma ba da shawara.

"Ta hagu, Manaja!"

"Bar jar, baƙar ce shugaba!"

Ya fito yana haki ya doka sallama gidan Uwaliya. Ta fito da mayafi a kafaɗa.

"Ki ɗaure awakinki!"

"Shekara ashirin awakina suna yawo a layin nan, ba su taɓa shiga gidanku ba, don akwai zaure, akwai mutane a ciki. Kai ka rushe, ka shimfiɗa musu walima, ka sa allo ka ce akwai ɗakuna. To sun zo dubawa."

Ya sayo wayar kaji ya ɗaure ƙasan get. Awaki suka daina shiga, amma suka tare a bakin ƙofar suna jiran tsammani, suna zuba kashi a kan layin ƙarfen da get yake gudu.

Masu neman haya kuwa sun zo, ba a ce ba su zo ba. Wani ma'aikacin jinya ya tsaya da babur, ya leƙa ta sanduna, ya hango har tukunyar Pamela, ya ce, "Ni da iyali nake," ya ba babur wuta. Wani ɗan kasuwa ya tambayi dattawa yaya gidan yake. Baba Sallau ya ce, "Lafiya lau. Duk abin da ka ci za mu sani." Shi ma bai dawo ba.

Ran nan Malam Dalyop ya kira Lukuman gefe, ya yi maganar a hankali yadda yake yi wa ɗalibin da ya faɗi jarrabawa.

"Oga Lukuman, ina ganin girman Mama, shi ya sa har yanzu nake nan. Amma matata ta fara tambayar ɗaki a Unguwar Tudu."

Nan take Lukuman ya tuna dillalin Hambali. Amma bakinsa bai san da haka ba. "Malam, ka ba ni zuwa Asabar. Ango zan kawo maka maƙwabci."

Angon kuwa akwai shi. Mahbub ne, wani tela ɗan Dugabau da ya buɗe shago a Gwarzo, bikinsa saura sati uku. Lukuman ya nuna masa hoton gidan tun ranar da ciyawa take da rai, ya ce yana so. Sai dai ba ango ne mai yanke hukunci ba. Sai dangin amarya mata sun zo ganin ɗaki, sun auna inda gado zai zauna da inda za a jera kwanuka, sun ce ya yi.

Asabar da hantsi adaidaita biyu suka sauke mata tara, gaba gare su Gwaggo Asta, yayar uban amarya, doguwar tsohuwa mai carbi a hannu da igiyar awo a ɗaya hannun. Lukuman ya sha kwat, ya shafa turare, ya share kashin awaki da gefen takalmi. Ya tura get, ya tafi suuu. Matan suka shiga suna rufe fuska da mayafi, domin majalisa ta cika ranar, har da waɗanda ba 'yan layin ba.

Mahbub ya tsaya a waje kamar yadda ya kamata, yana waige-waigen inda zai fake. Babu. Ya tsaya a rana tsakiyar titi, hannu a baya, har Baba Sallau ya ji tausayinsa ya matsa masa gefen tabarma.

Gwaggo Asta ta tsaya a tsakar gida ta juya sau ɗaya. Ta dubi get, ta dubi dattawa, dattawa suka dube ta.

"Yaro, ina gidan?"

"Ga shi kina ciki, Hajiya."

"A'a, nan ai titi ne aka yi wa shinge. Ina zaure?"

"An daina yayinsa, Hajiya. Wannan tsarin Abuja ne."

"To a Abujar, in baƙo namiji ya zo, a ina yake tsayawa? In abokan ango sun zo, a kan rijiya za su zauna? In an yi haihuwa, a ina za a raɗa suna? 'Yar tawa ta fito alwala da ɗaurin ƙirji, waɗancan bayin Allah su amsa mata?"

"Mu ba ma kallo, Hajiya," in ji Baba Sallau. "Sai dai in abu ya gifta."

"Hajiya, ba ki ga tsaron ba ne," Lukuman ya yi sauri ya ce. "Duba nan. Da yatsa ɗaya ake rufewa."

Ya sa yatsa ɗaya, get bai motsa ba. Ya sa hannu biyu da kafaɗa ya ingiza da ƙarfi. Get ya kwasa da gudu, tayarsa ta hau kan busasshen kashin awakin da ya cushe layin, ta yi tsalle ta sauka gefe, ƙarfe ya daki ginshiƙi ƙau! Ya rufe ruf. Lukuman ya murmusa. Ya ja don ya buɗe. Ya ƙara ja. Ya sa ƙafa a bango ya ja har tabarau ya faɗi.

Mata tara, da Pamela ta goma, da manaja, duk a kulle.

Kafin minti goma labari ya kai bakin tasha. Masu babur suka faka, masu talla suka sauke faranti, masu dawowa daga gona suka tsaya da fartanya a kafaɗa. Layin ya cika maƙil, kowa ya manna fuska a sanduna. Matan suka dunƙule a bayan rijiya suna salati. Gwaggo Asta kaɗai ta tako har bakin get.

"Mahbub! Kai Mahbub! Nan ka ce za ka ajiye mana yarinya? A keji?"

"Wallahi Gwaggo a hoto ba haka yake ba!"

"Kowa ya kwantar da hankalinsa," in ji Lukuman. "Ƙaramin abu ne. Daga waje ake gyara shi."

Ya kama sanduna ya fara hawa. Ya kai sama, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya tsallake, sai tsinin mashi ya shige ta bayan kwat ya fito ta wuya. Ya saki hannu, bai faɗo ba. Ya tsaya a rataye yana wutsil-wutsil da ƙafafu, daidai ƙarƙashin allon da ke ɗauke da sunansa.

"Manaja," in ji Baba Sallau yana kare rana da hannu, "daga nan kana hango 'yan hayar? Sun kai Dugabau?"

Jama'a suka kwashe da dariya. Samari biyar suka ce bari su taimaka, suka kama get suka ja waje gaba ɗaya. A nan ne ginshiƙan da aka ɗora a kan daɓe ba rami suka ce sun gaji. Na dama ya fara sunkuyowa, na hagu ya bi shi. Aka watse da gudu. Get da allo da manaja suka taho a hankali, kamar mai shirin ruku'u, suka kwanta rigijib a kan tulin ƙasar tsohon zaure da ba a kwashe ba. Ƙura ta tashi. Da ta lafa sai ga Lukuman a zaune, babu ko ƙwarzane, hannun kwat ɗaya a jikinsa, ɗayan a kan mashi.

Gwaggo Asta ta tako ta kan get ɗin, matan suna biye da ita a jere. Da ta zo daidai kansa ta tsaya.

"Sannu yaro. Allah ya ba ka lafiya. Ka ga yanzu ma ya fi kyau, ko ba komai ana fita."

Awakin Uwaliya suka jira mata suka gama wucewa, sannan suka shiga.

Malam Dalyop ya dawo daga darasin Asabar ya tarar gidan babu zaure, babu get, sai wani wawakeken baki. Ya shiga, shi da Pamela suka fara ɗaure kaya. Hambali ya iso daga Kara a kan babur, ya duba, ya zaro waya yana neman lambar dillali.

Sai ga Inna Marka, wadda rabonta da zuwa layin tun rasuwar mijinta. Ta wuce Lukuman ko kallonsa ba ta yi ba, ta shiga har ƙofar ɗakin Pamela.

"'Yata, ina za ku?"

"Mama, ki yi haƙuri. Ba za mu iya zama a titi ba."

"Ba za ku zauna a titi ba, kuma ba za ku bar hannuna ba. Gidana akwai ciki da falo ta gefen zaure, da banɗakinsa, ƙofarsa kuma tana rufuwa. Ku zauna can har a mayar da zauren nan." Ta juyo. "Hambali, mayar da wayarka aljihu. Ɗan hayana bai tashi ba, ɗaki ya canza."

"Wa zai mayar da zauren, Inna?"

"Mu," in ji Baba Sallau daga bakin titi. "Mu za mu buga tubalin da kanmu. Darbejiyar nan tsuntsaye sun gama da hulunanmu."

Hambali ya mayar da waya. Lukuman ya miƙe yana kaɗe ƙura.

"Inna, wane ciki da falo? Ai ɗaya ne a gidan. Nawa."

"Shi fa."

Kafin la'asar an kwashe kayan Malam Dalyop a kura an kai. Kayan Lukuman kuwa aka fito da su tsakar gida: jaka ɗaya, takalma biyu, da kwat mai hannu ɗaya. Ya durƙusa yana cusa su yana magana da ƙarfi yadda har na cikin zaure za su ji.

"Dama ni Litinin zan wuce. Kaduna ake nemana. Garin nan bai shirya wa irin tunanina ba tukuna."

Pamela ta leƙo ta tagar ɗakin da ya kwana a ciki jiya, tana ɗaura labule. "Oga Lukuman, ka manta cajarka."

Inna ta karɓo ta miƙa masa, ta haɗa da ƙullin dambun nama da kuɗin mota. Ta tsaya tana kallonsa yana kokawa da zif ɗin jaka.

"Allah ya tsare hanya. In ka isa, ka nemi ɗaki ka kama haya kamar kowa."

"To Inna."

"In kuma mai gidan ya tambaye ka aikinka, don girman Allah ka ce masa tela ne kai."